A Gyara Ko A Rushe? Gardama Kan Tsofaffin Makarantun Gwamnati

Duk shekara idan iskar farkon damina ta taso, labari iri ɗaya ake ji daga ƙananan hukumomin Arewa: rufin makarantar firamare ya yaye. Hedimasta ya rubuta wa sakataren ilimi takarda, sakataren ilimi ya tura ta hukumar ilimin matakin farko ta jiha, SUBEB, yaran kuma a gwamutsa su da na wani aji, ko a shimfiɗa musu buhu a gindin darbejiya. Idan Allah ya sa maganar ta kai kunnen masu iko, sai tsohuwar gardama ta tashi. Wasu su ce a ɗaura sabon kwano, a toshe tsaga, a shafa fenti, karatu ya ci gaba. Wasu su ce ginin ya gama yayinsa, zuba masa kuɗi asara ce, a baje shi a tayar da sabo. Kowane ɓangare hujjarsa ba ta wasa ba ce, kuma tunda dukiyar jama'a da rayukan 'ya'yan talakawa ake magana a kai, ya kamata a saurari kowa har ya dire.

Masu cewa a gyara sun fi son su fara kai ka Katsina. Kwalejin Katsina an kafa ta a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, kuma gininta na ƙasa ne da azara. A cikin ɗakunan nan Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Makarantar ta tashi zuwa Kaduna a 1938, ta sake tashi zuwa Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Barewa, amma ginin da ta baro ya haura shekara 100 yana tsaye, har an mai da shi gidan adana kayan tarihi. Haka ma Gidan Ɗan Hausa a Kano, gidan Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. Sai su tambaye ka: idan tubali da makuba sun kai wannan shekaru, da wane baki za a ce ginin siminti mai shekara 40 ya tsufa? A wurinsu sakaci ke kashe gini tun kafin shekaru su taɓa shi.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da makaranta ya san gaskiyar wannan magana. Ƙusa biyu ko uku ne ke fara kwancewa a gefen falle ɗaya na kwano. Iska ta riƙa ɗaga shi tana saki, ramin ƙusar yana ƙara faɗi. Ruwan farko ya shiga ya jiƙa silin, ya bar shatin ƙasa-ƙasa wanda ba mai ɗaga kai ya duba. A damina ta biyu silin ɗin ya yi ciki ya rufto, jemagu su sami masauki, warin kashinsu ya hana malami da ɗalibi sakat. Katakon da ya sha ruwa gara ta hau shi, ta cinye cikinsa ta bar ɓawo, yadda in kafinta ya danna da ɗan yatsa sai ya lotsa. Kafin damina ta uku ko ta huɗu ta fita, guguwa ɗaya ta isa ta naɗe rufin gaba ɗaya ta jefa shi bayan katanga. Daga nan ruwa ya riƙa sauka a kan bango kai tsaye, filasta ta ɓamɓare, daɓe ya farfashe, a cire ƙofa da taga a sayar wa 'yan gwangwan, awaki su gaje ɗakin da rana, 'yan shaye-shaye su karɓe shi da dare. Aikin da kafinta zai gama kafin azahar da guduma da 'yar ƙusa, shi ne ya girma ya zama kwangilar miliyoyi.

Hujjarsu ta biyu ita ce kuɗi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a kasuwanni da dama, rodi da kwano da katako duk suka bi sahu, bayan cire tallafin man fetur a 2023 da faɗuwar darajar naira. A sabon gini, harsashi da bango su ne ke lashe siminti da yashi da tsakuwa, kuma su ne tsohon gini ya riga ya mallaka. Matuƙar suna da lafiya, abin da ya rage rufi ne da silin da daɓe da ƙofofi. Kuɗin da zai tayar da aji ɗaya daga tushe zai iya dawo da azuzuwa da yawa cikin hayyacinsu. A jiha irin Kaduna, mai makarantun firamare na gwamnati sama da 4,000, ko Kano da ta fi ta yawa, gwamnan da ya kafe a kan sai sabo zai sauka daga mulki bai leƙa yawancinsu ba. Makarantun da rabon zai kai gare su kuwa an san su: ta bakin titi, ta cikin birni, ta garin wani babba. Ta ƙauyen da sai an tsallaka rafi, sai dai ta ji labari a rediyo.

Sannan akwai lokaci. Gyaran rufi ana iya fara shi ranar da aka ba da dogon hutu, a gama kafin a dawo. Rushewa kuwa kwana ɗaya take ci, amma tayarwa Allah kaɗai ya san ranarta. Ɗan kwangila ya karɓi kuɗin somin-taɓi, gini ya kai linta, sauran kuɗin su maƙale a ma'aikata, zaɓe ya zo, sabuwar gwamnati ta ce sai ta binciki kwangilolin da ta gada. Yaran da aka ce su yi haƙuri na zango ɗaya sai su shekara biyu suna karatun safe da yamma a makarantar da ke maƙwabtaka, in ma akwai ta. Yarinyar da aka ce ta zauna gida har a gama gini, sau da yawa farantin talla ne ke karɓar ta, kuma ba kasafai yake maido ta ba.

Tsofaffin malamai suna ƙara wata hujjar da takardun ofis ba sa lissafawa. Gine-ginen En'e da na tsohuwar gwamnatin Jihar Arewa suna da bango mai kauri, rufi mai tsawo, baranda mai faɗi, da manyan tagogi masu kallon juna don iska ta ratsa. Waɗanda suka zana su sun san zafin watan Afrilu. Sabon bulok ɗin da ake yi yanzu, da gajeren rufi da kwano mai kamar takarda, wani lokaci ma ba silin, da ƙarfe sha biyu ta yi ya zama tanderu, yara na gyangyaɗi malami na fifita da littafi. In katafila ta shigo kuma ba gini kaɗai take ci ba, har maɗaci da darbejiyar da aka dasa tun kakanni sai ta tuge. Ga kuma zumuncin da ke tsakanin makaranta da 'ya'yanta. Kwalejin Rumfa, wadda ta faro a 1927 a matsayin makarantar midil ta Kano, da Barewa da Kwalejin Keffi da Alhudahuda, duk suna da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ke tara kuɗi su gyara ɗakin kwana ko ɗakin gwaje-gwaje. Mutum yana zura hannu a aljihu ne saboda ɗakin da ya sani, da tagar da ya zauna kusa da ita. In aka share wurin aka kafa wani abu dabam, da wuya hannun ya sake shiga aljihun da sauri haka.

Masu cewa a rushe ba sa musun ko ɗaya daga cikin wannan. Cewa suke yi masu gyara sun tsinci misalan da suka yi musu daɗi ne kawai. Kwalejin Katsina guda nawa ce a ƙasar? Yawancin azuzuwan da 'ya'yan talakawa ke zama a cikinsu yau ba Turawa suka gina su ba, ba kuma En'e ba. Asalinsu shirin UPE ne, na ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ƙaddamar a 1976. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka fito. Kuɗin mai na shigowa, lokaci kuwa babu, aka raba kwangilar azuzuwa ga duk wanda ya san wani, har da mutanen da ba su taɓa riƙe cebur ba. Daga wancan lokaci gina aji ya zama hanyar sallamar 'yan siyasa da abokan arziki, kuma bai daina ba.

Birkiloli sun san lissafin. Buhun siminti guda yana da iyakar bulon da zai fitar in ana son abin kirki, ɗan kwangilar da idonsa ke kan riba kuwa sai ya kusa ninka adadin. Irin wannan bulo, in ka kankare filastar ka goga shi da babban yatsa, yashi ne zai zubo maka a tafin hannu. Harsashin bai kai gwiwa ba. Ba a zuba kankaren da ke hana danshi hawa ba, shi ya sa za ka ga gindin bango ya yi fari-fari yana ɓarɓashi. Lintar rodi biyu ce siririya, wani wurin ma babu. Tsagar da ta taso daga ƙasa ta karkace har kusurwar taga ta wuce maganar filasta, alama ce ta cewa ƙasan ginin na motsi, musamman a wuraren baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, irin ta wasu sassan Borno da Gombe da Adamawa. Ɗora wa irin wannan bango sabon rufi, in ji su, gyaran gangar Auzinawa ne: an ƙara wa mara lafiya kaya, an kuma tara yara a ƙarƙashinsa.

Suna kuma cewa arahar da ake yi wa gyara kirari da ita ba ta kai yadda ake faɗa ba, don ba sau ɗaya ake biya ba. Hukumar PTF, wadda Janar Buhari ya shugabanta a zamanin Abacha, ta gyara makarantu. Asusun ilimi na ETF ya gyara. Shirin UBE na ilimin matakin farko ya zo ya gyara. Gwamnoni sun yi ta kwaskwarima, kowa da launin jam'iyyarsa. Akwai azuzuwan da in ka kankare bangonsu za ka tarar da fenti hawa-hawa, kowane hawa da gwamnatinsa, tsagar kuwa tana nan inda take. Da an haɗa kuɗin duka tun farko, da an yi ginin da zai kai jikoki.

Amma hujjar da ta fi nauyi a bakinsu ita ce cunkoso, kuma a nan ni ma sai na gyara zama. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibi 35 a firamare. A unguwannin Kano da Kaduna da Maiduguri, aji mai yara sama da 100 ba abin ba da labari ba ne. Gyara, komai kyansa, ba ya ƙara mazaunin yaro ɗaya. Makarantar da aka gina wa unguwa mai gida ɗari biyu yanzu gidaje dubbai ne suka kewaye ta, ba ta da ko taku ɗaya na faɗaɗawa, sai dai ta yi sama. Ginin ƙasa-ɗaya kuwa da ba a yi masa ginshiƙai ba ba ya ɗaukar bene, dole a sauke shi. Wannan tunani ne ya sa benayen azuzuwa suka bazu a makarantun Kano a zangon mulkin Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015. Gwamnatin El-Rufa'i a Kaduna ma da gyare-gyare ta fara, amma da aka soma ciyar da ɗalibai a 2016 yawan yara ya yi tashin gwauron zabi, sai ta koma maganar benaye a wurare masu cinkoso irin Rigasa. Ga kuma abubuwan da tsohon zane bai tanada ba: makewayi na 'yan mata dabam, hanyar keken guragu, wayar lantarki, ɗakin kwamfuta. Wasu tsofaffin silin ɗin ma na asbestos ne, wanda ƙurarsa ke illata huhu in ya farfashe.

Akwai wuraren da gardamar ba ta ma taso ba. A arewa maso gabas, inda UNICEF ta ce rikicin Boko Haram ya lalata makarantu kusan 1,400, abin da aka tarar toka ce da kango, shi ya sa Borno ta shiga gina manyan makarantu a Maiduguri, aka kuma sake gina sakandaren 'yan mata ta Chibok. A Nijar kuwa azuzuwan zana ne matsalar. A watan Afrilun 2021 gobara ta kashe yara kusan 20 a wata makaranta a Yamai, a watan Nuwamban shekarar kuma wata ta kashe aƙalla 25 a Maraɗi, har gwamnati ta hana ajiye ƙananan yara 'yan share fage a irin waɗannan rumfuna. Ba wanda zai ce a gyara rumfar zana. Wannan sai dai a maye gurbinta da gini.

To, in an tsaya nan sai a ce masu rushewa sun yi rinjaye. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Duk hujjarsu ta jingina ne a kan zaton cewa sabon da za a gina zai fi tsohon da aka rushe, kuma abin da ido ya gani bai goyi bayan wannan zato ba. A 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar tsangaya ta zamani a Gagi da ke Sakkwato, ta farko cikin sama da 150 da gwamnatinsa ta gina wa almajirai. Sababbi ne fil, da ɗakunan kwana da azuzuwa da gidajen malamai. Ba a ɗau wasu shekaru ba jaridu suka fara kawo hotunan da yawa daga cikinsu a kulle, ciyawa ta cinye harabar, rufi ya fara zuba, saboda ba a daidaita tsakanin tarayya da jihohi kan wanda zai ɗauki nauyin tafiyar da su ba. Hannun da ya bar tsohon ya lalace, shi ne zai karɓi makullin sabon.

Benen ma da ake kira mafita yana da nasa haɗarin. Ginin ƙasa-ɗaya in an yi masa algus yakan ba da sanarwa: ya tsage, ya karkace, a fitar da yara. Bene kuwa in dakalinsa ya tashi saukowa ba ya sallama. Ranar 12 ga Yulin 2024 wata makaranta mai bene ta rufta a unguwar Busa Buji da ke Jos, mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Makarantar ta kuɗi ce, ba ta gwamnati ba, amma darasin na kowa ne. Ɗan kwangilar da ya saba cin siminti a ginin aji biyu, in aka ba shi bene mai aji goma sha biyu ba tare da injiniya mai tsoron Allah a kansa ba, an ba shi rayuka ɗaruruwa ne ya yi ciniki da su.

Kuma kada mu yaudari kanmu, son sabon gini ba kullum don yara ake yin sa ba. Sabon gini yana da ranar buɗewa, da makaɗa, da allon da aka rubuta sunan mai girma. Toshe yoyo ba shi da hoto. Shi ya sa za ka shiga makaranta ka ga bulok mai aji biyu yana ƙyalli, an rubuta aikin mazaɓa na ɗan majalisa wane da manyan baƙaƙe, a gefensa kuma ga azuzuwa shida a jere ba rufi, waɗanda kuɗin nan guda da sun rufe su duka. Ga kuma tsoron da iyaye ke yi, mai tushe, cewa in aka ce za a sake fasalin makarantar cikin gari, wani yanki na filinta zai iya zama shaguna. Mutanen Kano sun sha jin wannan rigima, daga shagunan da suka tsiro a jikin katangun makarantu har zuwa rusau ɗin gine-gine da gwamnatin jihar ta yi a 2023. Filin ƙwallon da aka yanka ba ya dawowa.

Sai dai a nan masu rushewa suna da martani guda wanda dole a karɓa. Suna cewa in sata ake tsoro, kwangilar gyara ta fi daɗin sata. Sabon aji ana iya ƙirga shi, a auna tsawonsa da faɗinsa. Gyara kuwa wa zai hau sama ya tabbatar an canza katako? A takarda an rubuta an cire rufi gaba ɗaya, a zahiri tsohon kwanon aka juya aka fesa masa fenti, aka buga sabon silin ya rufe asirin. Wannan gaskiya ce, kuma ita ta ɓata sunan gyara a idon jama'a. Amma maganinta shi ne a sauya wanda ke riƙe da kuɗin. Ƙaramin gyara bai kamata ya bi ta hannun ɗan kwangilar da ke zaune a babban birnin jiha ba. Hedimasta da kwamitin SBMC, wanda ya ƙunshi iyaye da mai unguwa da wakilan mata da malamai, su suka san fallen da ke yoyo, su suka san kafintan garin, kuma 'ya'yansu ne ke zama a ƙarƙashin rufin. Shirin AGILE na karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 500 a 2020, ya kuma fara da jihohi bakwai da suka haɗa da Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno, ya bi wannan hanya ta tura kuɗin gyara asusun makarantu kai tsaye. Ba a ce 'yan kwamiti mala'iku ba ne, amma wanda zai haɗu da iyayen yara a masallaci sau biyar a rana ya fi jin kunyar cin kuɗin rufi.

Wannan ya kai mu ga tushen ciwon, wato yadda aka tsara kuɗin. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, kuma kafin jiha ta karɓi kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Shekara da shekaru biliyoyin naira na kwance a hukumar UBEC ta tarayya saboda jihohi sun ƙi ajiye nasu. Asusun ETF, wanda aka kafa a 1993 da harajin kamfanoni, da can yana taɓa firamare da sakandare, amma tun 2011 da ya zama TETFund ya koma na manyan makarantu zalla. Albashin malamin firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, babban gini na SUBEB ne, kula da gini na yau da kullum kuwa ba shi da uba. An ce ilimi kyauta ne, an hana hedimasta karɓar ko sisi daga iyaye, wanda daidai ne, amma ba a ba shi abin da zai maye gurbin ba. Mutumin da ke sayen alli daga albashinsa ba za a tambaye shi don me bai sayi kwano ba. A tsari irin wannan, hanya ɗaya da makaranta za ta ga kuɗi ita ce ta lalace sosai har ta isa a ba da ita kwangila.

Ni dai hukuncina ya karkata ga gyara, amma da sharaɗi. Shekarun gini ba su ne ma'auni ba. Akwai ginin 1950 da ya fi na 2015 ƙwari, kuma duk birkilan da ya daɗe a sana'a zai shaida. Abin dubawa harsashi ne da bango. In suna da lafiya, rushe su almubazzaranci ne, ko da wane suna aka kira shi. In harsashi ya zauna, bulo ya zama gari, to kada a ɓata ko gwangwanin fenti ɗaya a kansa, a fitar da yara a sauke shi. Haka in makaranta ta cika ta batse kuma ba fili, a yi bene, amma a yi shi a ƙarƙashin idon injiniya mai rajista wanda zai sa hannu da sunansa, ya san shi za a nema in wani abu ya faru. Wanda zai yanke cewa gini ya mutu kuwa kada ya zama shi ne zai ci kwangilar sabon, ko ɗan'uwansa. Gine-ginen tarihi irin na Rumfa da Barewa su kam a cire su daga lissafin rushewa gaba ɗaya, in ana son ƙari a gina a gefensu.

Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, wasu jihohin ma suna ta ware kuɗi masu kauri don azuzuwa. Roƙona ga gwamnoni da shugabannin SUBEB shi ne, kafin a ba da kwangila ko guda, a tura injiniyoyi su bi makarantu aji-aji, a rubuta wanda ke son kafinta, da wanda ke son babban gyara, da wanda sai rushewa, a liƙa takardar a ƙofar ofishin hedimasta inda kowane uba zai karanta. A yanka wa kowace makaranta kuɗin kula da gini duk zango, ko yaya ƙanƙantarsa, ya shiga asusunta kafin a fara zancen sabon bulok. Kuma kada katafila ta taɓa ajin da yara ke ciki sai an nuna wa iyayensu ɗakin da za su zauna washegari.